Gadon da Marit Ta Raba da Pavel

Kodiak

Marit,

Ina gaishe ki, da fatan kun sauke ƙaguwar da kuka kamo lafiya. Hannuna yana warkewa. Likita ya ce yatsun da igiyar tarko ta bar mini za su yi aiki.

Matar kyaftin ɗinku ta tare ni a kanti tana murmushi, wai gado ɗaya kuke kwana ke da abokin aikinki Pavel. Na yi shekaru a jirgin ruwan nan kafin ki gaji gurbina, ban taɓa haɗa gado da kowa ba. Ina jiran bayani.

Mijinki,
Gunnar

Dutch Harbor

Maigida sarkin zargi,

Na amsa gaisuwa. Kyaftin ya ƙara mutum ɗaya, gadaje ba su ƙaru ba. In Pavel yana saman jirgi yana fasa ƙanƙarar da ke taruwa a kansa tana neman kifar da mu, ina barci. In ya sauko, ni na hau. Warin safarsa kaɗai nake tararwa. Ka fi kowa sanin wannan tsarin.

Ba gadon ne yake cin ranka ba. Ƙugiyar jawo tarko ce, wadda kake taƙama da ita, take hannuna yanzu, kuma ba na kuskure. Ka riƙa shan maganinka.

Taka,
Marit

Kodiak

Marit,

Gaisuwa. Labari ya cika gari: taguwar ruwa ta share Pavel daga saman jirgi, kika zura rigar roba, kika ɗaura igiya a ƙugu, kika bi shi cikin teku. A gidan shayi har dafa mini kafaɗa ake yi, ana cewa na yi dacen mata.

Ranar da igiya ta kama hannuna kina gefena, ihunki kawai na ji. Shi kuwa kin ba shi ranki. Ki sauka daga jirgin nan ki dawo gida. In kika sake fita da su, na fahimci amsarki.

Gunnar

Dutch Harbor

Gunnar,

Ina fatan kana lafiya, ko da yake kai ba ka tambayi tawa ba.

Ranar hannunka wuƙata ce ta yanke igiyar. Ka riga ka suma.

Pavel kuwa sanyin ruwan ya riga ni. Gawa na rungumo. Jiya na kira mahaifiyarsa, ta tambaye ni ko ya sha wuya, na ce mata a'a.

An gama loda abincin tarko. Gobe za mu fita, kuma ina ciki.

Ka huta lafiya.
Marit