Bututun da Irène Ta Bari a Buɗe

Garoua, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Germaine,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Meiganga. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sai fama da zafi.

Kin tuna Irène, wadda na koya wa walda a makaranta shekarun baya? To, ta ƙera wani abu a mahaɗar hanya a nan unguwar Djamboutou. Tsofaffin bututu ne da sarƙar babur, sun miƙe sama sun karkace. Ba algaita ba ce, ba garaya ba, amma duk wanda ya kalla sai ya tuna su. Ta bar bakunan bututun a buɗe. Idan iska ta taso daga kogi da yamma, sai abin ya kama busa a hankali, masu babur su kashe inji suna saurare.

Yaya, shekara goma sha tara ina zana irin wannan a bayan littafin darasi, ban taɓa haɗa ko ɗaya ba. Na tsaya cikin jama'a ina murmushi, zuciyata tana ƙuna.

Yanzu kwamitin gari sun ce in duba ingancinsa in sa hannu. Ni na koya mata cewa ba a barin bakin bututu a buɗe, don ruwan damina zai taru ciki ya cinye ƙarfen. Idan na rubuta a toshe, ba wanda zai ƙaryata ni. Amma abin ba zai ƙara busa ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Martin

Garoua, 11 ga Afrilu

Yaya Germaine,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Faɗanki ya iso, na kuma ji shi.

Na rubuta a toshe, amma ban miƙa wa kwamiti ba, takardar ta kwana uku a aljihuna. Ranar Laraba Irène ta zo da kanta, ta ce tsoron tsatsa ya dame ta, tana neman dabara, tana kira na Malam kamar dā. Na san amsar tun ranar farko: a huda gindin kowane bututu kaɗan, ruwa ya tsiyaye, murya ta zauna. Kunya ta kama ni, sai na faɗa mata.

Jiya muka huda su tare, guda goma sha huɗu. Kishin bai tafi ba, ba zan ɓoye miki ba. Sunanta ne a allon da ke jikin abin, nawa babu. Amma idan kika zo, ki lallaɓa gwiwar ki duƙa ki duba ƙasa. Waɗannan hudojin aikina ne.

Ki gaida yara.

Ƙanenki,
Martin