Reshen da Ba a Ba Ni Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Bana shekara talatin da huɗu ke nan rabona da Misau. Ni ne Kalilu ɗan Ahmadu, mai masaukin fatake a Gidan Durumi na Jibiya. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini gardama, amma hankalina lafiya lau, ba wanda ya tilasta ni. Ina faɗa, Malam Ɗanmaraya yana rubutawa, liman da maƙwabta biyu suna shaida, cikin watan Rajab na 1376, shekarar da Nasara ke kira 1957. Maganar nan taku ce, Rabe da Ummaru da Barira, kuma a karanta ta a gaban uwarku Salmatu.

Na ɗaya. Gida da gona da dabbobi, malamai su raba muku yadda shari'a ta ce. Ba ni da ta cewa a nan. Sai dai zauren baƙi da inuwar durumin ƙofar gida na fitar da su sadaka, liman ya duba bai wuce sulusi ba. Duk matafiyin da ya zo, daga nan ne ko daga ƙasar Faransi, ya shimfiɗa tabarmarsa, kada a tambaye shi wurin wa ya zo.

Na biyu, kuma don shi na tara mutane. Kun san al'adar gidanmu. Kakan kakana ne ya dasa durumi a Misau, aka kira wurin Gidan Durumi. Tun daga nan, duk ɗan da zai kafa gida, babban gidan ne ke sare masa reshe da hannunsa, ya shafe bakin saran da laka, ya miƙa masa. Shi kuma ya kafa shi da ruwan farko, sabon gida ya ɗauki sunan. Haka aka sami Gidan Durumi a Azare, da wani a Gaya, da wani can wajen Nguru da ban taɓa gani ba. In baƙo ya ji sunan, ya san akwai ruwan sha da wurin ɗaure jaki.

To kai Rabe, shekara biyu ba ka gaisa da ƙanenka. Hujjarka ita ce Ummaru ya sari reshe a nan ina kwance ba lafiya, ba ni na miƙa masa ba, ba kai ba, ya kai Magama ya dasa. Masu fitowa daga Maraɗi, da sun wuce duwan, wato kwastan na Faransi, sun wuce namu kwastan, suka tambayi Gidan Durumi, nasa ake fara nuna musu. Ka ce reshen sata ba ya ɗaukar suna. Ka ƙi zuwa sunan 'yarsa. Yanzu na ji ka rantse, ana gama sadakar arba'in ɗina za ka tafi da gatari.

Zauna da kyau, ɗana, ka ji.

Durumin nan da kake taƙama da shi, wanda ka yi rarrafe a ƙarƙashinsa, bai taɓa ganin Misau ba. Lokacin da ubana ke ciwon ajali, aka ce in dakata, na ƙi, na bi ayarin goro. Na dawo har an watse daga zaman makoki. Yayana Abdu, wanda ya yi jinya shi kaɗai, bai ce mini komai ba sai ranar da zan bar gari na roƙi reshe. Ya dube ni ya ce, “Wanda bai ɗauki makarar mai itace ba, da wane hannu zai ɗauki itacen?” Na fita da jaki ɗaya da baƙin ciki. Na tsine masa a Kano, na tsine masa a Bici. A wani ƙauye kafin Kankiya na tarar da durumi a ƙofar masallaci. Mutane suka shiga sallar azahar, ni kuwa na zaro barandami. Allah Ya gafarta mini, suna ruku'u ina sara. Na iso Jibiya na kafa shi, na ce wa kowa daga gidan ubana yake.

Saboda haka in reshen sata ba ya ɗaukar suna, fara da na ƙofarka, Rabe. Na Ummaru ma ya fi namu asali, shi aƙalla a gidan ubansa ya sata.

Uwarku kaɗai ta sani. Na gaya mata shekarar da aka haifi Barira. Ta yi dariya har ta zubar da ƙullun koko, ta ce, “To Malam, ai inuwar ba ta san da wannan ba.” Tun ran nan, in na cika baki a gaban baƙi ina ba da tarihin Misau, sai in ji ta yi tari daga cikin gida. Kun sha ba ta jiƙo don wannan tarin.

Ba zan ɓoye ba, na sha ɗaci. Shekara talatin da huɗu ina ciyar da mutanen garin nan, har gobe Kalilu Baƙo suke ce mini. Ku kanku da bakinsu kuke magana, kuna yi wa nawa dariya. Abdu kuwa ya tsananta, a kan laifin wata ɗaya ya yi mini hukuncin rai duka. Amma gaskiyarsa ce a kan jinya, kuma ni ma ban taɓa aika masa ko goro ɗaya ba. Kai ma Ummaru, kada ka yi murna da yawa. Da ka jira na tashi, da na ba ka. Ka je ka durƙusa wa yayanka a kan wannan, shi ma ya je ya ga 'yarka, ya kai mata abin da ya kamata ya kai ranar suna.

Na uku. Ga abin da ya sa kuka ga ina fara'a kwanakin nan, har Salmatu ta zaci zazzaɓi ne. Wani direban motar gyaɗa, mutumin Misau, ya sauka a nan watan jiya. Ya ce Abdu yana raye, idonsa ya tafi, amma kullum ana fitar da shi ƙarƙashin tsohon itacen. Itacen ma yana nan, mutum huɗu ba sa zagaye shi da hannu. Da ya ji direban zai yi yamma, sai ya ce masa, “In ka ga wani mai taurin kai a Jibiya, ka ce ya zo ya karɓi abinsa, hannuna ya gaji da riƙo.” Na sa ya maimaita mini sau uku. Ƙafata ba za ta kai ni ko tasha ba. Ku za ku je, kai Rabe da Ummaru, tare, kafin ruwan farko. Abdu ya ɗora hannu a kan reshen, Rabe ya sara, Ummaru ya ɗauko. Ku naɗe su da tsumma mai laima, kada ku bari su kwana kusa da injin mota.

Reshe huɗu za ku roƙa. Ɗaya na nan, a kafa shi gefen tsohon, kada a taɓa tsohon, bai yi wa kowa laifi ba. Ɗaya na Magama. Ɗaya ku tsaya a ƙauyen can na kafin Kankiya, masallacin yana gabas da rijiya, ku gaya wa liman abin da na yi, ku dasa musu, ku nemar mini yafiya.

Reshe na huɗun na Barira ne. Al'ada ba ta ba 'ya mace reshe ba. Ita kuwa ranar da za a kai ta gidan miji wajen Madarumfa, ta karya wani ɗan tsinke ta cusa cikin kayan ɗaki. Na gani, na kau da kai. Yau fatake sun ce nata ya fi na kowa ganye, kuma can ma Gidan Durumi ake cewa, har jandarman Faransi na shan inuwa. 'Yata, ke kika gado ni sak. A ba ta nata da rana tsaka, a gaban mutane.

Na huɗu. Salmatu ta zauna a ɗakinta har ƙarshen ranta. Wanda ya ɗaga mata murya, ban yafe ba.

Ban bar muku suna don ku yi shari'a a kansa ba. Baƙo ya sauka a Magama ko a Jibiya ko a Madarumfa, gidana ya sauka. In wani ya cika, a tura wa ɗan'uwa. Ku ci tuwon Salla a kwano ɗaya. Allah Ya yi muku albarka, Ya albarkaci 'ya'yanku, Ya haɗa kanku, Ya sa mu gamu a inuwar da ba ta gushewa. Na yafe muku, ku yafe mini.

Abin da na iya tarawa, don kada a yi ta bincike: gidan nan, gona ɗaya a hanyar Daddara, dami saba'in na gero a rumbu, jakuna biyu, awaki tara, riguna uku masu kyau. Sai rago ɗaya da na ware wa Abdu, ba ya cikin gado. Ku kai masa da rai. Ragon mafaɗaci ne, na gwada shi, mutum ɗaya ba ya iya kai shi ko bakin kasuwa.