Ɓawon Ƙwai Mai Shuɗin Rubutu a Bolar Maƙwabci

Gwaggo Habi, assalamu alaikum. Don girman Allah ki cece ni, ki sa wasiƙar nan gaba da sauran, domin kwana goma sha biyu suka rage a kai wani bawan Allah gaban mai unguwa kan laifin da ni na aikata. Ni matar aure ce a garin Rabah, shekarata goma sha tara a ɗakina, ɗiyana biyar. Kada ki ji tsoron maigidana zai gane ni a jarida. Rabonsa da karanta abin da ba takardar maganin kaji ba tun bara.

Ma'aikaci ne a sakatariya, kuma da can manomi ne kamar kowa: gero da wake da damina, albasa a fadama da rani. Da hanyar babbar gonarmu ta ƙi biyuwa saboda ɓarayin daji, sai muka koma kan ƙaramar gonar bakin gari. Ana cikin haka aka tura shi taron bita na kwana uku a Sakkwato. Gwaggo, da motarsu ta lalace a hanya ranar nan, da na yi sadakar masa. Ya dawo da jaka mai tambari, da hula hana-sallah, da wata takarda mai zanen kibau, ya kafa ta da ƙusa a zaure. Wai haɗaɗɗen noma ke nan, inda komi ke ciyar da komi.

Kashin kaji na tarwaɗa ne. Ruwan tarwaɗa na zogale da albasa. Harawar wake ta zomaye, kashin zomaye na gona. Ya girka injin niƙa a ƙofar gida don kaji su sami dusa, ya ɗora sola a kan rufi yana yi wa unguwa cajin waya, ita ce kuma ke riƙe da injin ƙyanƙyasa. Ranar da yake mini bayani na bi kibau ɗin nan da yatsa har na zagayo inda na faro, ban ga wadda ta nufi murhuna ba. Da na tambaya sai ya ce ban fahimci tsari ba, wai mu mutanen gida muna mataki na biyu. Shekara ɗaya da rabi ke nan, mataki na biyu bai iso Rabah ba.

Tsakar gidan da nake shanya yanzu tamfol ɗin kifi ne. Ɗakin baƙi na 'yan tsaki ne. Yayarsa ta zo daga Wurno za ta yi mana sati, ta kwana ɗaya ta tuna tana da biki.

Duk wannan na haƙura, har abincin kaji ya yi tsada, dusa ta kasa, ya juya kan rumbu. Kin san mu nan mace ba ta leƙa rumbun miji, abin da ya fiddo shi za ta sussuka. To amma ina da ido. Bara war haka in ya shiga rumbu ina hango kafaɗunsa. Bana ko hularsa ba a gani, sai dai a ji muryarsa daga ƙasa kamar mai yasar rijiya. In ya fiddo dami uku, biyu na kaji ne, kuma saura wata huɗu sabon gero ya nuna.

Ƙwai kuwa haramiyarmu ne. Wai na iri ne. Kullum da safe kafin ya tafi ofis sai ya tsince su, ya rubuta wa kowanne kwanan wata da shuɗin alƙalami, ya jera a kwando suna jiran layin shiga inji. Ɗiyana sukan tsaya su yi ta kallon kwandon nan kamar talabijin.

Nan Shaiɗan ya same ni, ko in ce yunwa. Na fara zarar biyar ko shida ina miƙa wa maƙwabciyata ta kan katanga. Zan kira ta Zipporah, ma'aikaciyar asibiti ce, mijinta Malam Albert malamin lissafi ne a sakandare. Tana saya da kuɗinta halal, na kuma sa ta yi mini alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba. Abin da na samu nakan ba wata 'yar'uwata mai zuwa kasuwar Goronyo ta auno mini gero, in ɓoye a randa a ƙuryar ɗaki. Da shi nake cike tuwo. Har yabona maigida yake yi a majalisa, wai matarsa ta iya tattali, dami ɗaya na kai mu sati.

Da ya ga ƙwai na raguwa ya zargi muzuru, sannan gafiya, ya sayo tarko uku. Har ya fara lissafin kiwon karnuka, wai su yi gadi kuma a sayar da 'ya'yansu. Sai ran nan ya je tonon bolar maƙwabta, don yanzu har shara yake tarawa ya yi taki, ya ci karo da ɓawon ƙwai mai rubutun hannunsa a bolar Malam Albert. Ya fito tsakiyar layi yana ɗaga ɓawon nan sama, yana kiran mutumin nan ɓarawon ƙwai a gaban masu jiran niƙa, sannan ya kai ƙararsa wajen mai unguwa.

Gwaggo, shekara goma sha ɗaya Malam Albert yana koyarwa a garin nan. Babbar ɗiyata shi ya zaunar da ita ta ci jarrabawa, ko sisi bai karɓa ba. Yanzu ɗalibai na yi masa kukan kaza in ya juya baya. Ya ce matarsa ce ke sayen ƙwai, aka ce daga wa, ta ƙi faɗa, har su ma gidansu ba lafiya. Jiya mun haɗu da Zipporah a bakin famfo, ta dube ni kawai ta ɗauki bokitinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina jin tsoro. In na faɗa, ni ce matar da ke yi wa mijinta sata, shi kuma magidancin da ya kasa ciyar da gida, kin kuwa san wanne ya fi ciwo a wajen namiji. Ba mugu ba ne, wallahi, tun asuba yake fama har ya rame. Ko in ce wata mai talla ce ta sayar mata, wadda ba a san ƙauyensu ba? Mi zan yi?

Taki cikin damuwa,
Matar Mataki na Biyu, Rabah

Amsar Gwaggo Habi

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi dariya har na kai tsakiyar wasiƙarki, daga nan na daina.

Bari in fara da kare maigidanki, tunda ba ya nan. Mutumin da aka raba da babbar gonarsa, ya ƙi zaman majalisa yana zagin zamani, ya tashi yana neman mafita, ya cancanci a jinjina masa. Haɗa noma da kiwo kuma ba a taron bita aka ƙirƙiro shi ba, kakanninmu sun yi. Bambancin shi ne su sai yara sun ƙoshi ake watsa wa kaza tsaba. Shi ya kifa abin, ya kuma ɗebo sana'o'i fiye da hannuwansa, alhali taura biyu ma ba ta taunuwa, balle bakwai.

Ga abin da ya kamata ya ji, daga bakinki, cikin ladabi. A ware geron da zai kai gida kaka, kada kaza ta ga ko zangarniya ɗaya daga ciki. A sayar da rabin kajin a ciyar da sauran. Ƙwan da ya wuce kwana bakwai zuwa goma a kwando ba kasafai yake ƙyanƙyasuwa da kyau ba, masu kiwo sun san haka. Ke nan mafi yawan abin da yake wa gadi da tarko uku na kasko ne tun farko.

Yanzu ke. Ban riƙe ki da laifin ƙwai sosai ba, uwa ce ta ga tuwo na raguwa. Laifinki biyu ne: kin ɗora wa maƙwabciya alkawarin da ya fi ƙarfin cinikin ƙwai shida, sannan kin ji ana kiran mijinta ɓarawo kin yi shiru. Zancen mai talla kuma ki binne shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙarshenta wata baiwar Allah mai talla za a kama.

Yau ɗin nan ki shiga wajen Zipporah ki warware mata alkawari, ki roƙe ta gafara. Sannan ki bari maigida ya ci ya sha, ku biyu kaɗai, ki ja shi ƙuryar ɗaki ki buɗe masa randar nan. Ki faɗa masa daga ina geron ya fito. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Kunyar da zai ji a ɗakinki ta fi sauƙi a kan wadda zai ji a zauren mai unguwa, domin in an kai can gaskiya za ta fito ko kin so ko kin ƙi. In ya taurare, ki kira yayarsa. Ya je ya janye ƙara, kuma haƙurin da zai ba Malam Albert ya bayar da shi a tsakiyar layin da ya yi shelar, da murya daidai da ta ranar. Zagi a kasuwa ba a wanke shi a ɗaka.

Kin ce kwana goma sha biyu suka rage. Ke ce kike da su, Malam Albert ba shi da ko ɗaya. Gobe da safe mutumin nan zai sake shiga aji, ya juya wa yara baya ya ɗauki alli, yana jin abin da suke yi, kuma daga yau kowace safiya irin wannan ke kika tura shi. Ki tashi ki yafa mayafinki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ta maigidanki, ya mayar wa maƙwabtanku da mutuncinsu, ya kuma kai mu kaka lafiya.