Inna Ta Buɗe Gwangwanin Fim

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa. Ya zaman Ikko, ya maigidan da yara? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Kaka?

Da na zo Daura hutun da ya wuce daga makarantar koyon shirya fim, na ɗauki Kaka a fim tana kaɗin auduga, kafin rasuwarta. Na rufe fim ɗin a gwangwani, domin sai a ɗaki mai duhu ake wanke shi. Jiya na tarar Inna ta warware shi a tsakar gida, tana ɗaga shi a rana. Ta ce, "Sani, ban ga fuskar tsohuwa ba, ko idona ne?"

Na kasa gaya mata haske ya cinye komai, kuma ba mu da wani hoton Kaka.

Ki sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Sani