Ƙanwata Tana Jiran Kiranku

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka yi gwajin na'urar duba nono a Sabon Gari, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na zo ofishinka an ce ka fita, na dawo an ce kana taro. An ce tunda soja suka sauka talaka ma yana da baki, to ga nawa a jarida.

Na ɗaya. Bara kafin azumi ma'aikatanku suka nemi mata su zo a duba su da sabuwar na'ura mai gano ciwon dajin nono da igiyar maikurowef, wato wata igiya irin ta rediyo. Suka ce ba matsewa, ba zafi, kuma mace ce za ta duba. Ni na bi gida-gida a Rijiyar Lemo ina lallashin mata, har Maman Chidi, maƙwabciyata a layin 'yan atamfa a kasuwa, na ɗauko. Ƙanwata Asabe kuwa, mai kunyar tsiya, da ƙyar na jawo ta.

Na biyu. Da aka gama, nas ɗinku ta ce kowa ta koma gida, in an ga wani abu za a kira ta, in ba a kira ba lafiyarta ƙalau. Ba a kira ko mutum ɗaya ba. Sai kwanan nan na tare nas ɗin a kasuwa, ta sunkuyar da kai ta ce masu binciken da suka kawo na'urar sun kwashe kayansu tun bayan sallah, hotunan ma ba a gama karantawa ba. Ashe na'urar ake gwadawa, mu kayan gwaji ne. Ba wanda ya faɗa mana haka da Hausa.

Na uku, wanda ya hana ni sukuni. Asabe tana da ƙullutu a nonon hagu, ya yi tauri, fatar wurin ta fara canzawa. Maman Chidi da ta ji irinsa ba ta tsaya jiranku ba, ta je wani asibiti aka ɗebi nama aka auna, yanzu tana karɓar magani. Asabe ta ƙi zuwa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Amsarta ɗaya ce, ai da akwai wani abu da sun kira. Mijinta ma wannan maganar ya riƙe. Wallahi tsoro nake ji, kuma haushinku nake ji, don da bakina na ce mata ku mutanen kirki ne.

Ina roƙonka ka sa a kira duk matan da aka duba, a gaya musu shirunku ba sakamako ba ne, su je a sake duba su. Allah ya yi maka jagora, ya tsare iyalinka daga wannan ciwo.

Ku fara da Asabe. Ni ta daina ɗaukar wayata, amma taku za ta ɗauka.

Wassalam.

Hajara, Rijiyar Lemo, Fagge.