Sifana Mai Gwiwa

Zuwa ga Yaya Meram,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da Inna da yara. Yaya tattasai bana? Komadugu ta kawo ruwa kuwa?

Mu nan Yamai lafiya lau. Ɗakinmu bayan gareji yake, ƙarar guduma ba ta barin barcin rana, amma na saba.

Ki faɗa wa Inna brebe da maigidana ya zo nema ba na makaranta ba ne. Takardar shaida ce cewa shi ya ƙirƙiro sifanar nan mai gwiwa, mai lanƙwasa ta kamo notin da ya ɓuya cikin injin ban ruwa. Har na hango mu a bene irin na littattafaina!

A biro, wato ofishin brebe, wata ma'aikaciya ta tambaye shi ko wani ya taɓa ganin sifanar. Ya washe baki: "Daga Diffa har Assaga babu manomin da ban ƙera wa ba." Ma'aikaciyar ta dafe kai. Ashe abin da ya shiga hannun jama'a ba ya samun brebe.

Yanzu ya ƙera sabuwa, an ce ya ɓoye ta har a karɓi takardunsa, sannan mu dawo. Jiya wani direba ya zo yana kuka da noti, maigida ya nufi akwatin da ya ɓoye sabuwar a ciki. Na riga shi, na zauna a kai da littafina. Ya ce, "Bushra, bawan Allah ne fa." Na ce, "Ni ma baiwar Allah ce, kuma gida nake so."

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Bushra