Tikitin Inna da Ƙofar da Ta Ƙi Buɗewa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da jaririyar da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah ya raya mana ita, ya ƙara miki ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau. Kawu ya koma aikinsa a ma'aikatar tace iska. Ƙafar tasa ta daina kumburi, ƙorafin ne dai bai daina ba.

Albishirinki, Inna ta taso, yanzu haka tana cikin kumbon sararin samaniya mai zuwa duniyarku. Amma sai da aka sha fama kafin ta shiga, kuma akwai abin da za ki yi kafin ta sauka. Kin san tikitin yanzu awarwaro ne ake sa wa mutum a hannu, a haɗa shi da bugun zuciyarsa, da na kumbo da na shiga mazauninku duk a ciki. To mun yankar wa Inna nata tun kafin a kwantar da ita a asibiti. Da likitoci suka dasa mata 'yar na'urar nan mai daidaita zuciya a ƙirji, bugun ya sauya, babu kuwa wanda ya kawo a ransa cewa abin zai shafi tikiti.

Ranar tafiya muka bi layi a babban zauren tasha. Kowa ya ɗora hannu a gilashin ƙofa, fitila ta yi kore, ya wuce. Inna ta ɗora, fitila ta yi ja. Ta goge hannun a gefen mayafi ta sake, ja dai. Sai wata murya daga bango ta sanar cikin ladabi wai wannan awarwaro ba na mai sanye da shi ba ne.  Kin fi ni sanin cewa in wannan kumbon ya tashi, babu wani sai duniyarmu da taku sun sake kusantar juna. Likita kuma ya faɗa mini a keɓe cewa zuciyar Inna za ta ɗauki tafiyar bana, amma bai yi alkawarin ta gaba ba.

Aka kai mu wani ɗan ofis mai taga da ke kallon filin tashi. Jami'ar, wata doguwa mai tabarau, ta ce sabunta bugun zuciya sai an ɗauki kwanaki, amma ranar yankar tikiti na'ura kan adana murya ma. Ta ce Inna ta yi magana a gwada. Inna ta gyara zama ta yi gaisuwa a hankali, da muryar nan da take yi wa baƙi, na'ura ta ce ba ta san ta ba. Aka sake, haka. Can waje ana kiran fasinjojin ƙarshe. Hawaye suka zubo mini, na ce ko mu haƙura mu koma gida. Nan fa Inna ta juyo kaina. Ta ce ita ba ta haifi raguwa ba, in share fuskata, kuma wa ya aike ni in shigo cikin mutane da wannan ƙodaɗɗen takalmi. Tana tsakiyar faɗan fitila ta yi kore. Ashe ranar da muka yanki tikitin ma faɗa take yi mini, muryar da na'ura ta riƙe ke nan. Jami'ar ta kau da kai tana danne dariya, sannan ta raka ta da kanta har bakin kumbo.

Da na dawo gida, a gadon Inna na kwanta, na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin rashin lafiyarta. Gidan ya yi shiru, amma hankalina a kwance yake.

Yanzu saura ke. Jami'ar ta aika gyara zuwa ƙofar shiga mazauninku, amma ki je ofishin shiga da ƙafarki ki tabbatar ya iso. Maganin Inna yana cikin ƙaramar jaka, kada ki yarda in ta ce ta sha sai kin gani. Ranar saukarsu ki tsaya kusa. In ƙofar ta yi gardama, ki ɗaga wa Inna jaririyar babu hula a kanta, sauran aikin faɗanta ne zai yi.

Ki gaida maigidan da surukarki, da maƙwabciyarki da ta tsaya miki lokacin haihuwa. Kawu da Goggo suna gaishe ku. Allah ya sada ku da alheri.

Ƙanwarki,
Auta